Wai mambo kiɗan Afirka ne ko na 'yan Meksiko?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce gardama ce ta kaure tsakaninka da abokinka a kan waƙar nan Mambo No. 5 da aka yi ta sakawa a rediyo a 1999, shi ya dage kiɗan 'yan Meksiko ne, kai kuma ka taɓa jin an ce bayi ne suka tafi da shi daga Afirka, kana so a raba muku. Toh bismillah. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin ajiyar faifai na gidan rediyo kuma faya-fayan Kyuba su na fi daɗewa a kansu, ina saurara ina bin diddigin masu su, dan haka ka gyara zama amsar tana da ɗan tsawo.

Da farko waccan ta 1999 ba ita ce ta asali ba. Mai ita Lou Bega a Jamus aka haife shi, babansa ɗan Uganda mamansa 'yar Italiya, busar da kake ji a ciki ya ɗauko ta ne daga wani tsohon faifai na Pérez Prado da aka naɗa a 1949. Kuma eh a birnin Meksiko aka naɗe shi, nan abokinka ya samo hujjarsa. Sai dai shi Prado ɗin baƙo ne a Meksiko, baƙar fata ne ɗan garin Matanzas a ƙasar Kyuba, kuma kafin ya je can kalmar mambo ta yi shekara goma tana yawo a gidajen rawa na Habana, babban birnin Kyuba. Kai ma taka maganar tana son gyara, dan babu wani kiɗa mai suna mambo da wani bawa ya sauko da shi daga jirgin ruwa. A Kyuba aka haife shi, jikokin bayi ne suka haife shi, da kayan kiɗan Turawa a hannunsu.

Abin da nake so ka riƙe shine mambo tun asali ba waƙa ba ce sukutum, wutsiyar waƙa ce. Wato wannan yankin na ƙarshe inda mawaƙi ya gama ba da labarinsa, kiɗa ya ɗau zafi, aka kama gajeren amshi guda ɗaya ana ta juya shi, makaɗa na jifan juna, masu rawa sun cika fili. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen kalangu a gidan biki ya san lokacin da nake nufi. Wutsiyar nan ce ta yi ta girma har ta cinye gangar jikin waƙar, kuma a cikinta Afirka take zaune.

Ka fara da rake. Bayan bayin Haiti sun yi tawaye a 1791 sun ƙone gandayen Faransawa, kasuwar sukari ta koma hannun Kyuba, lokacin tana ƙarƙashin Sifaniya. Rake kuwa hannu yake ci, sai aka buɗe cinikin bayi ba ji ba gani. Mutanen da aka sauke a Kyuba daga Afirka sun kusa dubu 800, wajen ninki biyu na waɗanda aka kai ƙasar Amurka kai tsaye, kuma mafi yawansu a ƙarni na 19 aka kai su, har cikin shekarun 1860 jirage na shigowa a sace, ba a haramta bauta a can ba sai 1886. Ka lura da wannan shekarar da kyau, dan kaga yaron da aka haifa a 1910 zai iya tashi a gaban kakar da aka haifa a Afirka, tana jin yarenta tana tuna waƙoƙin garinsu, ba labari ba ne na kaka da kakanni a wajensa, tsohuwar tana nan zaune a tsakar gida.

A can an raba su da sunaye. Lukumi su ne Yarbawa, waɗanda yaƙe-yaƙen faɗuwar daular Oyo suka jefa hannun masu cinikin bayi. Karabali mutanen da aka ɗauko ta tashar Kalaba ne, Efik da Ejagham da Ibo da maƙwabtansu. Arara daga Dahomey, Jamhuriyar Benin ta yanzu. Sai Kwango, masu yarukan Bantu daga Kwango da Angola, suna da yawa kuma sun daɗe a tsibirin. Namu Hausawa da yaƙe-yaƙen zamanin jihadi suka rutsa da su galibi Bahia ta Birazil aka kai su, shi yasa ba a cika ganin sawunsu a kiɗan Kyuba ba.

Sifaniyawa sun bari kowace ƙabila ta kafa ƙungiyarta a birane, ana ce musu kabildo, da sarkinsu da sarauniyarsu da asusun taimakon juna, suna binne mamatansu suna fansar 'yan'uwansu, ranar 6 ga Janairu kuma a bar su su fito titunan Habana da gangunansu. Masu mulki sun yi haka ne dan kar ƙabilun su haɗa kai su yi musu irin ta Haiti, amma abin da ya biyo baya shine ganguna da yaruka sun rayu. Yarbawa suka riƙe gangunan bata guda uku da addinin da ake kira Santeriya, inda kowane orisha, wato abin bautarsu, yake da takensa, kamar dai yadda a bori kowane iska yake da kiɗan da ake kiransa da shi. Mutanen Kalaba suka kafa ƙungiyar asiri ta Abakuwa a garin Regla a 1836, reshen Ekpe ce ta can gida. Su kuma 'yan Kwango addininsu Palo, kuma nan kalmar take, waƙoƙin da suke rerawa a wajen ibadarsu jagora ya bayar jama'a su amsa sunansu mambo. Daga Kikongo ne, mambu, wato magana ko zance ko al'amura. Masu jin Suwahili har gobe in sun haɗu suna cewa mambo, ma'ana ya al'amura.

Kar ka ɗauka ana son gangunan nan. Tun zamanin Sifaniyawa har bayan 'yancin kai a 1902 ana hana su, 'yan sanda na ƙwacewa, ana cewa kayan maita ne da ci baya. Lebura na tashar jirgin ruwa a Habana da Matanzas suka koma buga akwatunan katako da aka kawo busasshen kifi a ciki, kiɗan rumba a kan akwati ya girma. Gangunan bata kuwa ba a fito da su dandamali gaban jama'a ba sai 1936, a wata lacca da masanin nan Fernando Ortiz ya gabatar. Dan haka ranar da ka ga gangar konga a gaban makaɗa masu kwat da nakatayal, ka san sai da aka sha fama kafin ta hau wurin.

Kafin in ci gaba sai na koya maka kilabe, dan in ba ka jin ta duk sauran bayanin a iska zai tafi. Kilabe sanduna biyu ne gajeru na katako mai tauri da ake buga ɗaya a kan ɗaya, kuma sunan bugun ne kansa. Bugu biyar ne kacal, uku sannan biyu. Ka ƙirga 1 zuwa 16 da ɗan sauri, ka tafa a kan 1, 4, 7, 11 da 13, ka koma farko ba tare da ka tsaya ba. Wannan kenan. Wata waƙar da ɓangaren uku take farawa wata da ɓangaren biyu, amma da zarar an fara ba a juyawa, mai fiyano da mai busa da mawaƙi kowa sai ya jera nasa a kan layin nan, wanda ya saɓa tsofaffin makaɗa tun daga bakin ƙofa za su ji. 'Yar'uwar bugun ƙararrawar nan ce ta ƙarfe da ake ji daga Ghana har Kwango, wadda take riƙe wa ganguna lokaci. Sannan ga mai bes, babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa, shi baya sauka a kan bugun farko inda kunnen Bature yake jiransa, kafin a iso yake sauka, sai ka ji kamar ana tura ka gaba. Wannan turin shi ke motsa ƙugu.

Toh yanzu koguna biyu ne suka haɗu. Na farko danson. Asalinsa rawar layi ce ta Turawa da ake kira kwantiradansa, wadda ta ƙara ƙarfi a gabashin Kyuba da Faransawan da suka gudo daga Haiti tare da bayinsu. Masu yi wa manya kiɗan rawar nan galibi baƙaƙe ne da ruwa biyu, dan a lokacin ɗan gidan girma baya sana'ar kiɗa, kuma mutum baya barin hannunsa a gida, a hankali suka yi ta lanƙwasa bugun. A 1879 wani mai busa ɗan Matanzas, Miguel Faílde, ya fito da abin da aka sa wa suna danson. Rawa ce ta natsuwa, har akwai wurin da ake tsayawa mata su yi fifita da mafici a ɗan yi hira sannan a koma. A 1910 José Urfé ya ɗora mata wani yanki mai zafi a ƙarshe. Kaga wutsiya ta fara tsirowa.

A 1937 wani mai sarewa Antonio Arcaño ya kafa ƙungiyarsa, sarewa da gogunan Turawa da fiyano da bes da ƙananan gangunan ƙarfe da ake kira timbales, da wani duma mai tsage-tsage da ake kartawa. A cikinta akwai wa da ƙane, Orestes López da Israel López wanda duniya ta sani da Cachao, su ke rubuta yawancin kiɗan. A 1938 Orestes ya rubuta wani danson ya sa masa suna Mambo, kuma abin da ya bambanta shi shine ƙarshensa, goguna su kama gajeren layi ɗaya suna maimaitawa, bes na turi daga ƙasa, mai sarewa ya saki jiki yana ƙirƙira a sama. Cachao ya sha faɗa cewa da farko abin ya yi wa masu rawa sauri sai da suka rage masa gudu. Daga baya Arcaño ya shigo da konga, ƙararrawa ta shigo, suka kira abin danson mai sabon bugu, kuma a kulob-kulob na baƙaƙen Habana ya samu karɓuwa, dan a lokacin wuraren rawa a rabe suke, na farare daban na baƙaƙe daban. Idan sunan ake tambaya, waye ya fara rubuta mambo a kan takardar kiɗa, toh 'yan gidan López ne.

Kogi na biyu shine son, kuma nan zuciyata take. Son kiɗan ƙauye ne daga gabashin tsibirin, ya shigo Habana ya mamaye ta a shekarun 1920. Rabinsa na farko baitoci ne irin na Sifaniya da jita, rabinsa na biyu da ake kira montuno bayarwa da amshi ne zalla. Mutumin da ya ɗauki son ya sake masa gini shine Arsenio Rodríguez. An haife shi a 1911 a lardin Matanzas, shekara 25 kacal bayan hana bauta, zuriyar 'yan Kwango ne kuma bai taɓa ɓoyewa ba, yana sa kalmomin yaren a waƙoƙinsa a lokacin da mutane ke jin kunyar abin. Ya makance tun yana yaro. Kayan kiɗansa tires, wata ƙaramar jita mai tsirkiya shida a jere biyu-biyu, amma ya san ganguna ciki da bai dan a cikinsu ya tashi. A 1940 ya kafa ƙungiyarsa, ya shigo da konga ta zauna daram, ya shigo da fiyano, ya ƙara yawan masu busa tirampet, ya sa mai bes ya dinga buga layi mai kama da waƙa maimakon riƙe lokaci kawai. Sannan can ƙarshen waƙa akwai wurin da yake kira diyabulo, wato shaiɗan, inda masu busa za su rabu kowa ya kama nasa guntun layin suna saƙa su cikin juna kamar yadda ganguna uku ke yi, wannan ya shiga inda wancan ya bar gurbi. Wallahi in ka saurari wannan wurin ka saurari mambon da ya zo bayan shekara goma, abu ɗaya ne aka ƙara masa kaya. Shi da kansa ya ce daga gangunan Kwango ya ɗauko, kuma yakan kawo wata magana ta 'yan Palo, abre kuto guiri mambo, wato buɗe kunne ka ji magana.

Labarin mutumin nan yana taɓa ni duk lokacin da na tuna. A 1947 ya je birnin Niyok na Amurka wajen wani babban likitan ido da fatan zai sake gani, aka ce masa babu abin da za a iya yi. A farkon shekarun 1950 ya koma Niyok da zama, lokacin mambo na tashe ko'ina, amma kiɗansa mai nauyi ne mai tafiya a hankali irin wanda baƙaƙen Habana ke so, mutanen Niyok kuwa gudu suke nema. Ya ƙare yana yi wa ƙananan taruka kiɗa a unguwannin Bronx da Harlem, ya rasu a Los Angeles a ƙarshen 1970 ba tare da ya ci moriyar abin da ya gina ba. Ni a ganina in za a ba mutum ɗaya injin mambo toh shi ne, kuma duk wani kiɗan salsa da kake ji yau a kan tsarin ƙungiyarsa yake tafiya.

Sai Prado. Shi mai fiyano ne kuma gwanin tsara kiɗa, ya yi aiki da shahararriyar ƙungiyar Casino de la Playa a Habana, kunnensa kuma yana wajen manyan ƙungiyoyin jaz na Amurka irin ta Stan Kenton masu tarin ƙahonni. Salon da yake kawowa ya yi wa masu harkar faifai na Habana baƙo, sai ya tattara ya koma Meksiko a ƙarshen shekarun 1940, inda akwai kamfanin RCA Victor da masana'antar fim mafi girma a duk ƙasashe masu jin Sifaniyanci. Abin da ya yi mai sauƙin faɗa ne amma ba kowa zai iya ba, ya yanke gaban waƙar gaba ɗaya ya yar, ya bar wutsiyar kaɗai. Babu doguwar waƙa babu labari, saksofon su kama layin daga ƙasa suna maimaitawa, tirampet su tsaga daga sama da ƙara kamar za su fasa faifan, a yi tsit na ɗan lokaci, sai ka ji ya yi wannan gurnanin nasa, kiɗa ya sake ɓarkewa. Minti uku an gama. Wasu ma ko suna bai ba su ba sai lamba, ga na 5 ga na 8. Benny Moré, wanda har yau 'yan Kyuba da yawa ke cewa ba a yi mawaƙi kamarsa ba, ya naɗi faifai da shi a can. Finafinan Meksiko da 'yan rawa irin su Ninón Sevilla, ita ma 'yar Kyuba, suka kai rawar kowane gidan silima daga Meksiko har Ajantina, abin ya kai wasu manyan limaman Katolika, har da na birnin Lima a Peru, suka yi Allah wadai da ita.

Dan haka rabon Meksiko a labarin nan ba ƙarami ba ne, yawancin masu busan Prado 'yan Meksiko ne, situdiyo nasu, silima tasu, kuma a can ya rasu a 1989. Ka faɗa wa abokinka wannan, haƙƙinsa ne. A 1955 wani faifan Prado ya yi sati 10 yana na ɗaya a Amurka, aka naɗa masa rawanin sarkin mambo. Ina son kiɗansa, yana da kaifi da tsabta, amma ya sauƙaƙa bugun dan kunnen da bai saba ba, kuma masu rawa na gaske a Niyok ba shi suka fi bi ba.

Nan 'yan Latino suka shigo labarin. Latino sunan da ake kiran mutanen da asalinsu ƙasashen kudu da Amurka ne masu jin Sifaniyanci, in suna zaune a Amurka. A 1917 aka ba 'yan Puerto Rico takardar zama 'yan ƙasar Amurka, suka yi ta kwarara Niyok suna cika gabashin Harlem da Bronx, maƙwabtansu baƙaƙen Amurka ne da Yahudawa da 'yan Italiya. 'Yan Kyuba ba su kai su yawa ba amma su ke da kiɗan. Mario Bauzá, baƙar fata ɗan Habana, ya zauna a Niyok tun 1930 yana busa a manyan ƙungiyoyin jaz na Chick Webb da Cab Calloway, ya san jaz kamar yunwar cikinsa. Shi da surukinsa Machito suka tsayar da ƙungiyar da aka kafa a 1940 mai suna Afro-Cubans, kuma ka duba sunan, a 1940 a ƙasar da ake wariyar launin fata mutum ya sa Afirka a gaban sunansa da gangan. A 1943 suka fito da Tanga, wanda ake lissafawa a matsayin farkon haɗuwar jaz da bugun Kyuba ta gaskiya, shekara shida kafin faifan Prado. Bauzá ne kuma ya haɗa shahararren mai busar jaz na Amurka Dizzy Gillespie da makaɗin konga Chano Pozo a 1947. Chano ɗan Abakuwa ne, ya hau dandamalin Carnegie Hall, babban ɗakin kiɗa na Niyok, yana buga konga yana rera waƙoƙin gargajiyar da ya tashi a ciki, bayan shekara ɗaya aka harbe shi a wata mashaya a Harlem, a Disambar 1948.

Cibiyar abin kuwa wani gidan rawa ne a kan titin Broadway da layi na 53, Palladium, wanda ya buɗe ƙofa ga kiɗan Latino a ƙarshen shekarun 1940. Manya uku ke riƙe da shi, Machito, sai Tito biyu. Tito Puente a Harlem aka haife shi a 1923 iyayensa 'yan Puerto Rico, ya yi sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu sannan ya karanta kiɗa a makarantar Juilliard, shi ya ɗauko timbales daga bayan dandamali ya kawo su gaba yana bugawa a tsaye. Tito Rodríguez a Puerto Rico aka haife shi, mawaƙi ne mai murya kamar zuma, kuma tsakaninsa da Puente akwai gasa mai zafi har kan sunan wa za a rubuta a sama a allon talla. Kaga biyu cikin ukun ba 'yan Kyuba ba ne, amma sun riƙe kilabe da haƙori, sun ƙara wa kiɗan zurfin jaz, kuma nasu mambon ya fi na Prado nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa ake ta ba da labarin Palladium har yau ba kiɗan kaɗai ba ne. A Amurkar shekarun 1950, inda a kudu baƙi da fari ba sa shan ruwa a famfo ɗaya, a wannan ɗakin baƙar fata da Bayahude da ɗan Italiya da ɗan Puerto Rico suna fili ɗaya, ba a tambayar ɗan waye kai, ƙafarka ake kallo. Ranar Laraba ake koyar da rawa a yi gasa. Fitattun 'yan rawar wurin akwai Pedro Aguilar da ake ce wa Cuban Pete duk da ɗan Puerto Rico ne, da abokiyar rawarsa Millie Donay 'yar asalin Italiya. Leburan masaƙa da masu wankin kwano su yi sati suna aiki, ranar rawa su sa kwat su zama sarakai. A nan ne rawar ta samu tsarinta na taka ƙafa a kan bugu na biyu, inda mai konga ke marin fata, wanda har yau makarantun rawa na Niyok ke koyarwa.

Zuwa 1954 abin ya zama ruwan dare, mawaƙan Amurka farare irin su Perry Como da Rosemary Clooney suka yi ta fitar da waƙoƙi da kalmar mambo a sunansu, babu kilabe babu komai a ciki, suka sayar da faifai fiye da masu abin. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, kuma a daidai lokacin Arsenio yana garin.

Faɗuwarsa ba ta ɗau lokaci ba. A 1953 wani mai goge Enrique Jorrín ya fito da ca-ca-ca a Habana, daga danson ɗin nan dai na su Arcaño, mai sauƙin takawa, jama'a suka koma can. Rok an rol ya kwashe matasan Amurka. Juyin juya halin Fidel Castro a 1959 da takunkumin da ya biyo baya suka yanke hanya tsakanin Habana da Niyok, babu sabbin faifai babu sabbin makaɗa. Palladium ta rasa lasisin sayar da giya a 1961, ta rufe a 1966. Riƙe makaɗa goma sha biyar ko ashirin ma ya yi tsada. Amma 'ya'yan 'yan Puerto Rico da suka tashi a ciki ba su yar ba, a 1964 Johnny Pacheco ɗan Jamhuriyar Dominika da Jerry Masucci suka kafa kamfanin Fania, aka koma ƙananan ƙungiyoyi irin tsarin Arsenio, aka sa wa abin suna salsa. Har yau in masu salsa suka zo wurin da masu busa ke ɓarkewa a tsakiyar amshi, sunan wannan wurin a takardarsu mambo, ya koma wutsiyarsa ta asali.

Akwai kuma dawowarsa gida, wanda ya shafe mu kai tsaye. Tun 1933 wani kamfanin Ingila ya fara sayar da faya-fayan garmaho na kiɗan Kyuba a Afirka, masu lamba da ta fara da GV, kuma mutanen Kinshasa da Brazzaville da Dakar da Konakiri da suka ji ba su ji shi baƙo ba. 'Yan Kwango suka kwaikwaya har da Sifaniyancin da ba sa ji, sannan suka mayar da shi Lingala suka ɗora layin fiyano da na busa a kan jita, abin da muke kira kiɗan Kwango ya fito daga nan, waƙar da aka yi murnar 'yancin kan ƙasar da ita a 1960 ma ca-ca-ca ce ta Grand Kallé. Hailaif na Ghana da Najeriya ya ɗauki bongo da konga da caki irin na Kyuba tun zamanin E.T. Mensah. Gwamnatin Mali ta tura ɗalibai Habana koyon kiɗa a shekarun 1960, cikinsu har da Boncana Maïga ɗan Gao. A 1974 kuma, a bikin kiɗan da aka shirya a Kinshasa saboda damben Muhammad Ali da George Foreman, makaɗan Fania da mawaƙiya Celia Cruz 'yar Kyuba sun hau dandamali a filin wasa cike da 'yan Kwango.

In kana so kunnenka ya tabbatar maka da abin da na faɗa, ka zauna da abokin naka ku shiga YouTube ku bi su a jere. Ku fara da Arcaño, ku yi haƙuri da farkon mai sanyi, ku jira wurin da ƙararrawa za ta shigo goguna su fara maimaita layi ɗaya. Sai ku sa Arsenio na shekarun 1940, kar ku bi muryar mawaƙi, ku bi bes da konga, ku jira ƙarshe inda masu busa ke shiga cikin juna. Sannan Prado na 1949, za ku ga daga daƙiƙar farko a wannan wurin ya fara. Na ƙarshe ku nemi faifan Dance Mania na Tito Puente na 1958, ku ƙure murya, ɗayanku ya dinga tafa 1, 4, 7, 11, 13 har sai ya gano ta wane ɓangare waƙar ta fara, na uku ko na biyu.